Wasalin da Ake Gani a Gaba, Ake Ajiye Shi a Baya: Darasi Daga Rubutun Bama

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin, wanda ya san Zariya kuma ya san barikin Chindit. Waɗannan sunaye tsarabar yaƙin Bama ne, inda sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, cikinsu har da kakanninmu Hausawa, suka fafata da Japanawa a shekarun 1944 da 1945. Wannan ƙasa, da aka sauya wa suna zuwa Myanmar a 1989, ita ce za mu leƙa a darasin wannan fitowa. Sai dai ba maganar yaƙi za mu yi ba. Maganar wani ɗan ƙaramin wasali ce, wanda rashin daidaita yadda ake ajiye shi a kwamfuta ya raba ƙasa guda gida biyu a intanet sama da shekara 10.

Darasin ya fi shafar 'yan sashen kimiyyar kwamfuta, da na aikin ofis, da na laburare, da na aikin jarida. Amma duk mai buga rubutu a waya zai tsinci abin da zai amfane shi.

Yadda rubutun yake

Rubutun Bama dangin rubuce-rubucen Indiya ne, asalinsu duka tsohon rubutun Birahmi. Ana rubuta shi daga hagu zuwa dama kamar boko. Haruffansa kewayayyu ne, kai ka ce zobba aka jera. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne a da a kan ganyen dabinon yankin ake rubutu da tsinken ƙarfe, miƙaƙƙen layi kuwa yakan tsaga ganyen. Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen harshen shi ne na dutsen Myazedi da ke garin Bagan, na wajen shekarar 1113.

Baƙaƙen rubutun 33 ne, kuma kowane baƙi yana tafe da wasalin "a" a cikinsa. Idan ka ga က kawai, "ka" za ka karanta. In kana son wani wasali, sai ka liƙa wa baƙin wata alama. Wanda ya yi karatun allo ya san irin wannan: fataha a sama, kisira a ƙasa. Bambancin shi ne a rubutun Bama alamar tana iya zama ta kowace kusurwa:

ကာ "ka" mai tsawo: alamar tana dama.
ကိ "ki": alamar tana sama.
ကု "ku": alamar tana ƙasa.
ကေ "ke": alamar tana hagu.

Ku dubi na ƙarshen nan da kyau. Rubutun daga hagu yake farawa, don haka idonka zai fara cin karo da wasalin "e" kafin baƙin "k". Amma a furuci "ke" ake cewa, ba "ek" ba. Ido yana ganin wasali a farko, kunne yana jin sa a ƙarshe. Mutanen ƙasar suna kiran wannan alama thawei-hto, kuma idan suna rubutu da biro ita suke fara rubutawa. Tana cikin kalmomin yau da kullum: ရေ "ye" ruwa, နေ "ne" rana, မြေ "mye" ƙasa. Sunan babban birninsu ma, နေပြည်တော် wato Naypyidaw, yana ɗauke da ita sau biyu.

Tambayar ita ce: idan za a ajiye "ke" a cikin kwamfuta, wa za a fara ajiyewa? Wanda ido ya fara gani, ko wanda kunne ya fara ji?

Kwamfuta lamba ta sani

Kafin amsa, bari mu tuna darasin shekarar farko. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa. Tsarin Unicode shi ne babban kundin da ya bai wa kowane harafi na rubuce-rubucen duniya lambarsa shi kaɗai. Ana rubuta lambar da U+ sai ƙidayar tushe 16. Harafin A shi ne U+0041. Namu ƙ shi ne U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, alamar naira ₦ kuma U+20A6.

Rubutun Bama ya shiga kundin a 1999, a bugu na 3.0, aka ware masa gurbi daga U+1000 zuwa U+109F, wato wuri 160. Baƙin farko က shi ne U+1000. Wasalin da muke magana a kai shi ne U+1031, wanda a ƙidayarmu ta yau da kullum 4145 ne.

A nan sai a rarrabe abu uku, domin cakuɗa su shi ne tushen rikicin gaba ɗaya. Na farko, lambar da aka ajiye. Na biyu, salon haruffa, wato font, wanda shi ne kundin zanen da ke cewa ga kamannin kowace lamba. Na uku, manhajar da ke jera zanen a fuskar waya ko kwamfuta, mu kira ta injin tsara rubutu. Lamba ita ce mutum, font riga ne, injin tsara rubutu kuma shi ne mai nuna wa kowa wurin zamansa a taro.

Hukuncin Unicode

Unicode ta bi kunne. A ƙa'idarta, baƙi ake fara ajiyewa, wasali ya biyo baya, ko da kuwa a hagu za a zana shi. Don haka:

ကေ = U+1000 U+1031
ရေ = U+101B U+1031
နေ = U+1014 U+1031

Idan injin tsara rubutu ya zo nuna wannan, sai ya duba gaɓar kalmar gaba ɗaya, ya ga U+1031, ya ɗauko zanensa ya kai shi hagun baƙin. A cikin fayil babu abin da ya motsa; a fuska kawai aka yi sauyin wuri. Injinan da ke wannan aiki sun haɗa da HarfBuzz, wanda ke cikin Android da Chrome da Firefox, da Core Text na Apple, da DirectWrite na Windows.

Abin yakan fi haka tsanani. Akwai wasu alamomi huɗu na baƙaƙen tsakiya, masu bayar da sautin y, r, w da h, lambobinsu U+103B zuwa U+103E. Ɗauki kalmar မြေ. A ajiye: U+1019, sai U+103C, sai U+1031. Wasalin shi ne na uku a ajiya, amma shi ne na farko a fuska. Ya tsallake abu biyu kenan. Ita kuma U+103C zanenta yana naɗe baƙin ta hagu da sama da ƙasa, kuma faɗinta ya dogara da faɗin baƙin da ta naɗe. Lamba ɗaya ce, zane iri-iri. Font da injin ne ke zaɓen wanda ya dace.

Wani lokaci wasalin yana haɗuwa da wata alama su sa baƙi a tsakiya. ကော "kaw" ana ajiye shi U+1000 U+1031 U+102C: ɗaya ya tafi hagu, ɗaya ya tsaya dama, amma duka biyun bayan baƙin suke a fayil.

Idan aka ajiye wasalin ba tare da baƙi a gabansa ba, injin yakan zana wani ɗan da'ira mai ɗigo-ɗigo a gurbin baƙin da ya ɓace. Wannan da'ira ma tana da lambarta, U+25CC. Duk inda ka ga ta warwatsu a cikin rubutu, alama ce an jera lambobi ba bisa ƙa'ida ba.

Ba Bama kaɗai ke da wannan hali ba. A rubutun Indiyanci, gajeren wasalin "i", U+093F, a hagu ake zana shi amma a baya ake ajiye shi. Rubutun Tailan yana cikin waɗanda suka fita zakka: an bar shi yana ajiye irin waɗannan wasula a gaba, saboda ƙasar ta riga ta daɗe da tsarinta na TIS-620 kafin zuwan Unicode, aka ga sauya shi zai ɓata tarin bayanan da ke akwai.

Mu sauka zuwa bayit

A intanet, yawancin rubutu da tsarin UTF-8 ake aika shi. Duk lambar da ke tsakanin U+0800 da U+FFFF bayit 3 take ci. Ga yadda ake lissafin wasalinmu, ku ɗauko biro:

1031 a tushe 2 shi ne 0001 0000 0011 0001.
A raba shi kashi uku: 4, 6, 6. Za a samu 0001, da 000000, da 110001.
A sa wa na farko 1110 a gaba, sauran biyun kuma 10.
Sakamako: 11100001, 10000000, 10110001.
A tushe 16: E1 80 B1.

Baƙin က kuma E1 80 80 ne. Kenan gaɓar ကေ, wadda mai karatu ke kallo a matsayin abu ɗaya, lamba 2 ce, bayit 6. Sunan ƙasar, မြန်မာ, gaɓa biyu ne a baki, lamba 6 a kundi, bayit 18 a fayil. Don kwatance, "a" na boko bayit 1 ne, ƙ kuma bayit 2, wato C6 99.

Wannan ba lissafin burge malami ba ne kawai. Idan ka rubuta manhajar da ke yanke suna a bayit na 10, za ka iya datse harafi a tsakiyarsa, shirme ya fito. Idan kuma ka yanke tsakanin baƙi da wasalinsa, "ke" ya koma "ka", ma'ana ta sauya ba tare da kowa ya lura ba.

Me ya sa aka bi kunne?

Wani zai ce, to ai wahala ce wannan, me zai hana a ajiye abu yadda ake ganin sa? Dalilai uku ne manya.

Jerantawa. Ƙamus na Bama da baƙin farko yake jera kalmomi. Idan wasalin "e" ne a gaba a fayil, kwamfuta za ta tara ရေ da နေ da မြေ wuri ɗaya, alhali da baƙaƙe uku daban suka fara. Ka ƙaddara a ce a jerin sunayen ɗalibai an haɗa Bello da Kyauta da Zainab a shafi ɗaya.

Bincike. Idan kowane wasali yana bin baƙinsa, ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, kuma kalma ɗaya jerin lambobi ɗaya take da shi. Wanda ya nemi kalma zai same ta.

Raba gaɓoɓi. Mutanen Bama ba sa barin fili tsakanin kalma da kalma. Sai a ƙarshen yankin jimla suke bari. Manhaja ce za ta gano inda za ta karya layi. Idan gaɓa a kullum da baƙi take farawa, gano iyakarta ya zo da sauƙi. Haka nan manhajar da ke karanta wa makafi rubutu, jerin furuci take buƙata.

Mai buga rubutu fa, dole ne ya sauya yadda hannunsa ya saba? A'a. Akwai allunan bugawa da ke barin mutum ya fara danna wasalin, su riƙe shi, idan baƙin ya shigo su jera su daidai. Windows ma ta tanadi iri biyu: mai bin ido da mai bin furuci. Abin da ke shiga fayil iri ɗaya ne.

Yadda Zawgyi ya mamaye ƙasa

A takarda komai ya yi kyau, amma a aikace an samu giɓi. Tsarin 1999 bai cika ba. Sai a 2008, a bugu na 5.1, aka yi masa babban gyara, aka ƙara baƙaƙen tsakiyan nan huɗu da alamar kashe wasali U+103A, da haruffan wasu harsunan ƙasar. Windows kuwa ba ta zo da font da injin da ke tsara rubutun Bama ba sai a Windows 8, a 2012. Ga kuma takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba wa gwamnatin soja, wanda ya sa manyan kamfanoni ba su damu da kasuwar ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tsakiyar shekarun 2000, wasu masana kwamfuta na cikin gida suka fito da font mai suna Zawgyi. Dabararsa mai sauƙi ce: ka buga abu yadda kake ganin sa, a ajiye shi haka, babu buƙatar injin da zai sauya wa wani wuri. Wasalin "e" a gaban baƙi ake ajiye shi. Kowane zane daban na harafi ɗaya aka ba shi lamba tasa. Kuma lambobin daga cikin gurbin Unicode na Bama aka ɗebo su, aka sauya musu ma'ana.

Ga misali da sunan ƙasar:

A Unicode: 1019 103C 1014 103A 1019 102C
A Zawgyi: 103B 1019 1014 1039 1019 102C

Wanda ke da Zawgyi a wayarsa zai ga na biyun daidai, na farkon a hargitse. Wanda ke da font na Unicode zai ga akasin haka. Kama da wane ba ta wane: a fuska kalma ɗaya ce, a wurin kwamfuta kalmomi biyu ne da babu abin da ya haɗa su.

Gaskiya Zawgyi ya yi wa mutane rana, don ya ba su damar rubuta harshensu lokacin da babu wata hanya mai sauƙi. Da farashin layin waya ya faɗi a 2014, bayan shigowar kamfanonin Telenor da Ooredoo, miliyoyin mutane suka hau intanet karon farko, masu shagunan waya kuma Zawgyi suke ɗora musu. Haka ya zama rubutun mafi yawan wayoyin ƙasar.

Abin da aka yi asara

Na farko, bincike da jerantawa suka lalace. Tunda babu tsayayyar ƙa'idar jeri, kalma ɗaya tana iya samun hanyoyin bugawa da dama, duka su fito iri ɗaya a fuska.

Na biyu, ƙananan ƙabilu suka ɗanɗana kuɗarsu. Rubutun nan ba na Bamawa kaɗai ba ne. Shan da Mon da Karen duk da shi suke rubutu, da ƙarin haruffansu. Zawgyi ya zauna a kan lambobin da Unicode ta ba waɗannan haruffa. Alal misali U+107E harafin "fa" ne na harshen Shan, amma a Zawgyi wani zane ne na alamar "r". Mutumin Shan ya rubuta harshensa daidai, wayar maƙwabcinsa ta nuna masa shirme.

Na uku shi ne mafi nauyi. A 2017 Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya sama da 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine zuwa Bangaladash saboda farmakin sojoji. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a 2018 cewa Facebook ya zama babbar kafar yaɗa kalaman ƙiyayya a ƙasar. Kada wani ya fahimci cewa font ne ya haddasa kisa. Mutane ne suka yi, kuma kamfanin ya amsa cewa ya yi jinkirin ɗaukar mataki. Amma kamfanin ya kuma bayyana cewa rabuwar rubutun gida biyu ta ƙara wahalar da manhajojinsa na gano irin waɗannan kalamai. Manhajar da ba ta iya gane cewa kalmomi biyu abu ɗaya ne, ta yaya za ta tace su?

Daga baya an tashi tsaye. Google ya fitar da manhajar da ke hasashen ko rubutu Zawgyi ne ko Unicode, ta hanyar duba yadda lambobi ke bin juna. U+1031 a farkon rubutu, misali, babbar shaida ce ta Zawgyi. Facebook ya sa na'urar juya rubutu daga wannan zuwa wancan. Gwamnati kuma ta tsayar da 1 ga Oktoba, 2019 a matsayin ranar komawa Unicode a hukumance, da font ɗinta mai suna Pyidaungsu. Duk da haka tsofaffin rubuce-rubucen Zawgyi suna nan jibge a intanet, sai an juya su kafin a amfana da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tarkon da ya rage

Ko a cikin Unicode, sai an kula. Gaɓar ကို "ko" tana da alama ɗaya a sama, U+102D, ɗaya a ƙasa, U+102F. Ƙa'ida ta ce ta sama ake fara ajiyewa. Idan aka juya su, wani font zai nuna su kamar babu matsala, amma kwatancen kwamfuta zai ce ba ɗaya ba ne, kuma daidaitawar da ake kira NFC ba ta gyara wannan. Haka kuma baƙin ဝ "wa", U+101D, da sifirinsu ၀, U+1040, kusan tagwaye ne a ido. Mai bugawa yakan sa ɗaya a gurbin ɗaya, kalma ta ɓace daga bincike.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu na nan. Kafin Unicode ta yaɗu, masu buga Hausa sun yi irin wannan dabara: font na musamman da ke zana ƙ ko ɗ a kan lambar wani harafi daban. A kai fayil ɗin wata kwamfutar, sai alamomin banza su fito. Har yau wasu na buga k' ko k kawai, har "ƙasa" da "kasa", ko "ɓata" da "bata", su zama abu ɗaya a rumbun bayanai. Ajaminmu ma yana da lambobinsa. Ɗigon ƙasa mai bayar da wasalin "e" shi ne U+065C, kuma bayan baƙinsa ake ajiye shi.

Don haka ga mai shirin aikin kammala karatu na ND ko HND: ka ajiye fayilolinka da rumbun bayananka a UTF-8, a MySQL ka zaɓi utf8mb4. Kada ka gyara matsalar lamba da font. Kada ka ɗauka bayit ɗaya harafi ɗaya ne, ko lamba ɗaya gaɓa ɗaya ce. Idan manhajarka za ta tura saƙon tes, ka sani harafi ɗaya irin ƙ ko က yana rage tsawon saƙo daga 160 zuwa 70, kuɗin turawa ya ƙaru. Sannan ka gwada aikinka da sunaye na gaske, irin su Ɗanladi da Ƙanƙara, kafin ranar da za ka tsaya gaban malamai.

Aikin gida

Ɗaya: ka juya U+102C zuwa UTF-8 da hannu, ta hanyar da muka bi a sama. Idan ka samu E1 80 AC, ka gane.

Biyu: a Python, ka rubuta s = "\u1000\u1031", ka duba len(s), sannan len(s.encode("utf-8")). Ya kamata ka ga 2 da 6. Ka juya lambobin biyu, ka buga sakamakon a burauza, ka ga abin da zai fito.

Uku: kalmar godiya ကျေးဇူး tana farawa da U+1000 U+103B U+1031 U+1038. Wanne ne ido ke fara gani, kuma abu nawa ya tsallake kafin ya isa wurin?

Wanda ya warware ukun nan ya taimaki na kusa da shi a aji ko a hostel. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.